Tuffa da Ɗanyen Mangwaro

Da Edita ya aiko mini cewa lalle in ba shi wani abu da zai sa a shafin Hausa na bana, na daɗe ina juya alƙalami ban san inda zan kama ba. Waɗanda suka fi ni ilmi sun riga sun yi bayani a kan manyan al'amura, ni kuwa ba ni da abin da zan ƙara musu. Saboda haka na ce bari in ba ku labarin wani abincin Turawa da na gasa a gidanmu a Bukuru har sau uku. Na farko ya lalace, na biyu ya yi kyau amma aka kushe shi, na uku kuwa shi ne dalilin rubutun nan. Wanda ya ga abin ya yi masa ƙanƙanta ya yi haƙuri, ya wuce zuwa shafin wasanni.

Sunan abin a bakin masu shi aful kirambul fai. Aful dai ita ce tuffa. Fai kuwa kun san shi, ɗan'uwan na naman nan ne da ake sayarwa a bakin ƙofar kwaleji, sai dai wannan a faranti mai zurfi ake yinsa. Kirambul kuma ma'anarsa marmashi. Watau abin hawa uku ne: a ƙasa kwaɓin fulawa da aka shimfiɗa, a tsakiya yankakkiyar tuffa da sukari da kirfa, a sama kuma fulawa da bota da sukari waɗanda aka murza har suka zama kamar dambu. Ba a ƙoshi da shi. Bayan an ci abinci ake kawo shi, don a wanke baki.

A wayar wata abokiyar kwanana na fara ganinsa, wata mata tana yi tana murmushi, cikin minti uku ta gama. Na ce a raina, wannan ai ba wani aiki ba ne. Da aka ba mu hutu a watan Disamba na 2022, sai na ƙulla niyyar in nuna wa mutanen gida cewa yanzu idona ya buɗe. Na kwashe ɗan abin da na tara, na shiga mota zuwa Jos, na sayo koriyar tuffa guda shida a Taminus, da bota a kanti, da kirfa. Da Inna ta ji kuɗin da na kashe sai ta riƙe baki, ta ce da shinkafa na sayo da an kwana biyu ana ci. Na ce ta dai jira ta gani.

To, kun san sanyin Bukuru a watan Disamba. Ƙasar tana bisa dutse, tsawonta daga teku ya haura mita 1,200, in hunturu ya kankama ruwan randa ma sai an yi shahada ake taɓa shi. Botar ta daskare ta yi tauri kamar sabulu. Da na ga ba ta murzuwa, sai na ɗora ta a wuta ta narke, na tuttula a cikin fulawa, na yi ta cuɗawa da ƙarfina kamar mai kwaɓin cincin. Na raba kwaɓin biyu, na shimfiɗa rabi a ƙasa, na zuba tuffa, na gutsuttsura sauran a sama. Ba mu da tanderun zamani, saboda haka na zuba yashi a babbar tukunyar Inna, na ɗora farantin a kai, na rufe, na hura wuta a ƙarƙashi, na zauna ina jira ina kaɗa ƙafa.

Abin da na fitar bayan sa'a guda, Allah ya kiyashe ku da ganinsa. Gindin ya ƙone ƙurmus a gefe, tsakiya ya jiƙe ya yi caɓa-caɓa, saman kuwa fari fat, ga tauri kamar ƙanzo. Ina tsugune ina kallonsa, hawaye na shirin zubowa, sai na ji muryar kakana daga ɗakinsa.

Kakan nan nawa, mahaifin Baba, Allah ya jiƙansa, a lokacin ya ba shekara 80 baya, yana kuma ta rufe masa idanu, ba ya ganin kome sai haske da duhu. Amarya yake ce mini, ni kuma in ce masa Ango, kamar dai yadda aka saba tsakanin kaka da jika. Ya ce, "Amarya, wa ke ƙona bota a gidan nan?"

Na ce, "Ango, ina ruwanka da aikin mata? Kai dai jira tuwonka."

Ya ce, "Kawo in taɓa."

Na kai masa don dai a yi dariya. Ya sa yatsa ya ƙwanƙwasa saman, ya sansana, ya ɗan ɓalli gefen ya murza. Sa'an nan ya ce, "Narka botar kika yi, ko ba haka ba? Kuma kin cuɗa kwaɓin har ya yi danƙo. Ba ki gasa gindin shi kaɗai tukuna ba kika zuba masa tuffa. Wutar ma a ƙasa kaɗai kika sa, ba ki ɗora garwashi a murfi ba. Laifi huɗu ke nan, Amarya. Da a da ne, da yau an yanke miki albashi."

Kai, jama'a, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na waiwaya in tambayi Inna, sai na ga ta saki labule ta shige ɗaki. Na ce, "Ango, a ina ka san wannan?" Ya yi dariya har ya yi tari, ya ce, "Shekara 22 na yi ina wannan aiki. Ashe ba su gaya miki ba?"

Ba su gaya mini ba. Tun ina ƙarama abin da na sani shi ne kakana ya yi aiki a kamfanin kuza, daga baya ya buɗe tireda. Duk wanda ya tambaya, haka Baba ke faɗi, kuma ba ƙarya ba ce ɗungum, gama a barikin ma'aikatan kuza ya yi aikin. Sai dai bai taɓa riƙe shebur ba. Kuku ne. Ya shiga madafar wani Bature a 1952 yana ɗan shekara kamar 14, yana faskare da wanke tukwane a ƙarƙashin wani tsohon kuku, har ya gaji wurin, ya bi Turawa uku ɗaya bayan ɗaya, bai ajiye aikin ba sai 1974. Da kuɗin madafar nan ya gina gidan da aka haife ni, da shi kuma ya sa Baba a makaranta.

Dalilin ɓoyon kuwa, daga baya Inna ta raɗa mini. Da Baba yana firamare yara sun sa shi gaba da kiran ɗan kuku, har ya taɓa fasa wa wani baki aka yi masa bulala. Ba wai dafuwar ce kaɗai abin gorin ba, ko da yake mutanenmu ba su cika son ganin namiji a bakin murhu ba in ba mai tsire ko mai shayi ba ne. Abin da ake raɗe-raɗi shi ne, wai kukun Bature yana taɓa naman alade, yana zuba giya a miya, wa ya san abin da ke shiga bakinsa? Kakana da kansa ya ce mini, abin da aka ba shi ya dafa ya dafa, ya wanke hannunsa, ya yi sallarsa, bai taɓa kai haram bakinsa ba, Allah ne shaidarsa. Amma bakin mutane ba a ɗinke shi. Baba ya girma da abin a zuci, da ya zama magidanci sai ya binne maganar, tsohon kuma ya ga ɗansa ba ya so, ya kama bakinsa shekara kusan hamsin. Ƙaurin bota ne ya tone ta.

Kwana uku muka yi ina zuwa ɗakinsa da hantsi, bayan Baba ya fita, yana ba ni labari. Ya ce matar Baturensa na farko ita ta koya wa tsohon kuku kirambul, shi kuma ya ɗauka da ido. Ta gaya musu cewa a lokacin yaƙin Hitila ta koye shi, sa'ad da abinci ya yi wuya a Ingila. Na bincika daga baya na tarar maganarta tana kan hanya. Tun daga Janairu 1940 gwamnatin Ingila ta fara auna wa mutane bota da sukari da kati, har aka kai mutum guda ba ya samun fiye da oza 8 na sukari a mako, bota kuwa wani lokaci oza 2 tak. Ba a saki sukari ba sai 1953, ba a kuma daina awon abinci gaba ɗaya ba sai 1954. Fai irin na da, mai kwaɓi sama da ƙasa, yana cin fulawa da mai da yawa. Sai matan gida suka koma zuba 'ya'yan itace a kwano, su barbaɗa ɗan marmashi a kai, su gasa. Ashe abin da na ɗauka abincin masu hali ne, na maneji ne. A shekarar da kakana ya fara wanke tukwanen Bature, 'yan'uwan Baturen a can gida da kati suke sayen sukari.

Saboda wannan ne ya ƙi yarda da nawa tsarin. Ya ce, "In za ki yi gindi, me ya kawo marmashi? In kuwa za ki yi marmashi, gindin na mene ne? Wannan ɓarna ce." Na ce haka na gani a waya. Ya ce to mai wayar ba ta san yunwa ba. Gaskiyarsa kuwa, don haɗa su biyun ya fi yawa a Amurka, su Ingilishi kirambul ɗinsu ba shi da gindi. Amma na nace, na ce ni mai gindi na yi niyya, kuma mai gindi ya kunyata ni. Ya ce, "To, taurin kai dai gado ne. Je ki sayo wata tuffar, in nuna miki yadda ake yi."

Na ranci kuɗi wurin Yaya na sake sayowa. Ran nan tun da sassafe, kafin rana ta yi zafi, na shimfiɗa masa tabarma a bakin madafa, na lulluɓa masa bargo, ya zauna da sandarsa a gefe kamar alƙali. Inna ta rasa inda za ta sa kanta, surukinta a ƙofar madafarta, sai ta ɗauki tsintsiya ta yi ta sharar inda ba datti.

Ba ya awo da sikeli. Ya ce a zamaninsu da gwangwanin sigari suke awo, amma ƙa'idar guda ce kome za ka auna da shi: a kwaɓin gindi, nauyin mai rabin nauyin fulawa. Na aro sikelin maƙwabciyarmu mai yin kek, na auna fulawa giram 200, bota giram 100, da ɗan gishiri. Ya sa na tankaɗe fulawar a rariya, na yayyanka botar ƙanana tana da sanyinta, na tsoma hannuwana a ruwan randa na goge. Sa'an nan ya ce, "Da kan yatsu kaɗai. Kada tafin hannunki ya taɓa. Ki ɗebo, ki murza, ki ɗaga sama, ki sake ya zubo." Na yi ta yi, shi kuwa yana sauraron ƙarar zubar garin a kwano. Can ya ce in miƙo, ya taɓa, ya ce saura kaɗan, akwai sauran ƙulalai.

A nan ya kamata in tsaya in faɗi dalili, don ni ma sai da na koma kwaleji na tambaya na gane. Bota tana narkewa tun zafi bai kai digiri 35 ba, jikin mutum kuwa 37 ne, saboda haka tafin hannu kaɗai ya isa ya narkar da ita. Fulawar alkama kuma tana da wani sinadari wanda in ya sha ruwa aka cuɗa shi sai ya yi danƙo. Danƙon nan shi ake nema a burodi da alkubus, shi ne kuwa abokin gaban fai. In an murza bota mai sanyi a cikin fulawa, man yakan lulluɓe garin ya hana shi shan ruwa sosai, sai abin ya fito da garas-garas, yana narkewa a baki. Kakana bai san sunan sinadarin ba, amma ya san halinsa sarai. Ya ce a watan Maris, in zafi ya yi yawa, kwanon fulawar yakan ɗora a kan wani kwanon mai ruwan sanyi, ya yi aikin tun kafin kiran assalatu.

Ruwan sanyi cokali uku ya yarda in zuba, ya ce in haɗa da wuƙa, kada in cuɗa. Da ya dunƙule na rufe shi da kwano na ajiye a gindin randa rabin sa'a. Daga nan na barbaɗa gari a faranti, na murza kwaɓin da kwalba har ya yi faɗi, na shimfiɗa a farantin gashi, na tsattsaga gindin da cokali mai yatsu. Sai ya ce in shimfiɗa takarda a kai in zuba busasshen wake. Na ce, "Ango, wake kuma? Ko ka fara ruɗewa ne?" Ya ce, "Ke ce dai ruɗaɗɗiya. Waken danne shi zai yi kada ya kumbura. Ba ci za a yi ba."

Sai maganar wuta, wadda ya ce ita ce rabin aikin. Yashi a tukunya kamar kauri yatsu uku, a kan yashin a jera duwatsu uku ƙanana don kada farantin ya zauna a kan zafin kai tsaye. Gawayi a ƙasa kaɗan, garwashi a kan murfi da yawa, gama saman ne ke bukatar ja. Ya ce su a da, in an fita rangadi daji, garwar kananzir suke kwantarwa su yi tanderu da ita, su gasa burodi har da kek a ciki. Awon zafi kuwa, ya sa na yagi farar takarda na jefa a tukunyar na rufe. In ta yi baƙi nan da nan, wuta ta yi yawa. In ta daɗe fara, ba ta kai ba. In ta yi ruwan ƙasa-ƙasa bayan 'yan mintoci, to, a sa. Masu tanderun zamani su sa a digiri 180 su huta. Gindin ya yi kamar minti goma sha biyar da wakensa, na kwashe waken, na mai da shi minti biyar ya bushe.

Kafin nan na feraye tuffa, na cire tsakiyar, na yanka fale-fale amma ba siriri ƙwarai ba, na matsa mata lemon tsami don kada iska ta sa ta yi baƙi, na zuba sukari cokali huɗu, da kirfa, da fulawa cokali ɗaya wadda za ta kama ruwan da tuffar za ta fitar. Marmashin sama kuwa, fulawa giram 150, bota 75, sukari 75, aka murza kamar na farko amma ba ko ɗigon ruwa. Ya ce in bar shi da 'yan ƙulalai kamar tsakin masara, in barbaɗa, kada kuma in danna.

Muna jira ne ya ba ni labarin tuffar Ingila. Ya ce uwargidan kullum tana zancen wata tuffa ta ƙasarsu mai suna Bramley, mai tsami, wadda ba a cinta ɗanya, in an dafa sai ta narke. Wannan ma na bi sawunta. Wata yarinya ce mai suna Mary Ann Brailsford ta shuka 'ya'yan tuffa a bayan gidansu a garin Southwell a 1809. A 1846 wani mahauci, Matthew Bramley, ya sayi gidan, da aka zo yaɗa irin sai aka sa masa sunan mahaucin. Yarinya ta shuka, mahauci ya tafi da suna. Da na ba kakana wannan labari daga baya ya yi dariya ƙwarai, ya ce ai haka abin yake, shi ma in baƙi sun ci abinci sun ji daɗi, uwargida suke yi wa godiya, shi yana bayan ƙofa yana ji. Koriyar da muke saye a kasuwa kuwa Granny Smith ce, wadda ta samo asali a gonar wata tsohuwa kusa da Sidni ta Ostireliya a 1868, yawancin wadda ke zuwa mana kuma daga Afirka ta Kudu ake kawo ta. Tana da tsami, ba ta kuma narkewa, saboda haka ta dace da fai.

Bayan kamar minti arba'in, ban ɗaga murfi ba, sai ya ɗaga hanci ya ce, "Sauke." Na buɗe. Saman ya yi ja kamar ƙosai mai kyau, ruwan tuffa yana ɓulɓulowa ta gefe, ƙanshin kirfa ya cika gidan har yaran maƙwabta suka leƙo. Ya hana ni yankawa sai da ya huce. Na dama kastad, na yanka masa, na zauna ina jiran yabo.

Ya ci a hankali, ya tauna da sauran haƙoransa, ya yi shiru. Sa'an nan ya ce, "Gindin ya yi. Marmashin ma ya yi, hannunki yana da sanyi. Amma cikin salam yake. Wannan ba shi ba ne."

Raina ya ɓaci. Na ce tuffa ce ta gaske, mai tsada, me kuma ake nema? Sai ya ce, "Ai ni ban taɓa yinsa da tuffa ta gaske ba sai sau biyu ko uku." Itacen tuffa yana son sanyi mai tsanani kafin ya yi fure, shi ya sa ba ya yi a ƙasarmu sai ɗan abin da ba a rasa ba a nan Filato da Mambila. A zamaninsa sai an ɗauko ta a jirgin ruwa kamar mako biyu zuwa Ikko, a sa ta a jirgin ƙasa zuwa Jos, in ta iso kanti kafin ka ji labari ta ƙare. Wani lokaci akan sami ta gwangwani. Sauran kwanaki kuwa, ɗanyen mangwaro ne tuffarsu, in babu shi ɗanyar gwanda da lemon tsami. Baƙi su ci su ce tuffa ce, uwargida ta yi murmushi, ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Watau shekara 22 yana gasa kirambul na tuffa, harshensa kuwa mangwaro ya sani. Ya ce, "In mangwaron gidan nan ya yi 'ya'ya, kafin ƙwallon ya yi tauri, ki zo."

Ranar Baba ya dawo da dare, Inna ta ajiye masa nasa. Ya tambaya mene ne, aka ce abin Turawa ne na yi. Ya ce ya ƙoshi. Ban sani ba ko ya ji labarin tabarmar da aka shimfiɗa a bakin madafa, amma kwana biyu bai sake mini fuska ba, har na koma kwaleji.

A ƙarshen Fabrairu na 2023 na sami zuwa gida lokacin zaɓe. Mangwaron tsakar gidanmu ya yi 'ya'ya kore shar, kowanne bai fi ƙwan agwagwa ba. Kakana ya sa aka tsinko guda goma, yana latsa kowanne da farce. Na feraye, na wanke ƙaron, na yanka, ya sa na ɗan tafasa su minti kaɗan na tsiyaye ruwan don kaifin tsamin ya ragu. Sukari ninki biyu na na tuffa, kirfa kaɗan, da kanumfari guda uku. Wannan karon na bi maganarsa, ba gindi, kwano kawai da marmashi a sama. Kuɗin da na kashe bai kai sulusin na farko ba.

Ranar Asabar ce, ba fita, Baba yana gida yana sauraron rediyo a zaure. Ina sauke tukunya sai na ji ya kashe rediyon. Ya shigo tsakar gida ya tsaya, ya dubi tsohon a kan tabarma, ya dubi kwanon. Na ce yau kam kashina ya bushe. Kakana kuwa ya ji takunsa, bai ko juya ba ya ce, "Amarya, zuba wa babanki."

Na zuba, hannuna yana rawa. Baba ya karɓa, ya tsuguna a gefen tabarmar, abin da na daɗe ban ga ya yi ba, ya kai cokali ɗaya baki. Ya daɗe bai kai na biyu ba. Can ya ce, ba da ni yake ba, "Baba, wannan ne kake kawo mana a cikin adiko da dare?"

Tsohon ya ce, "Shi ne. Kai ne mai kuka in an ba yayarka gefen da ya fi ƙonewa."

Baba ya ce, "Na ɗauka tuffa ce."

Ya ce, "Kowa ma haka ya ɗauka."

Ba su ƙara cewa kome a kan maganar ba. Baba ya cinye, ya miƙo mini kwanon, ya ce sukarin ya ɗan yi yawa. Tsohon ya ce ƙarya ne, daidai yake, harshensa ne ya lalace da shayin kanti. Suka koma zancen zaɓe. Ni dai na ɗebi nawa na shiga ɗakin Inna, na tarar tana leƙe ta labule. A gaskiya, 'yan'uwa, na mangwaron ya fi. Tsaminsa yana da kaifi, yana tsaya wa zaƙin marmashin, na tuffar kuwa in an gwada su kusa da juna sai ka ji kamar an surka shi da ruwa.

Kakana ya rasu a 2024. Kafin nan mun yi na gwanda sau ɗaya, bai yi kyau ba, ya ce gwandar ta fara nuna, laifina ne da ban latsa ba. Akwai kuma miyar Turawa iri-iri da burodi da ya yi alkawarin koya mini, ba mu samu ba.

Da zan rubuta wannan sai da na kira Baba a waya na nemi izini, don maganar tasa ce kafin ta zama tawa. Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Sa'an nan ya ce, "Rubuta. Amma ki faɗi daidai, kada ki ce boyi. Babban kuku ne, yana da yara biyu a ƙarƙashinsa." Na ce to. Ya ce kuma in na zo hutu in taho da kanumfari, na gidan ya ƙare.